Kuɗin Sallamar Motar Rabo

Shekara talatin da ɗaya Rabo ya yi yana jan babbar mota, goma sha huɗu daga ciki a tasa ta kansa. Kamiyo ce koriya mai ƙafa goma. Ya saye ta hannu na biyu da abin da ya tara a tuƙin motocin mutane, kuma da ita ya kai simintin Malbaza Tawa da Maradi da Dosso sau ba adadi. Da ita ya gina gidansa a bayan tasha, ya aurar da ƴaƴa uku, ya riƙe autarsa Saratou tana karatu a lakwal har ta samu aikin buro a meri, ofishin magajin gari.

Wata Laraba da hantsi, yana dawowa daga Konni ba kaya, ya hau kan amalanken jaki. Mai amalanken ya yi tsalle ya tsira, jakin ya mutu nan take. Jandarma sun zo sun auna hanya, aka sasanta, Rabo ya biya jaki. Abin da bai faɗa wa kowa ba a wurin shi ne, rana tsaka, hanya miƙe, bai ga amalanken ba sai da ya ji ƙara. Bayan sati biyu lokotoro ya haska idanunsa ya ce ciwon suga ya riga ya cinye na dama, na hagu kuma yana bin sawu. Ya ce masa ya bar tuƙi tun bai kashe mutum ba.

Ya gwada ba wani direba motar. Wata biyu ta dawo da kukan giya da fitila ɗaya, sai ya karɓe makullinsa ya ajiye ta a ƙofar gida. Kullum da safe yakan tayar da ita ta yi ɗumi, ya kashe, ya sauko.

Ana cikin haka ƙanensa Mati ya zo daga Badaguishiri da labari. Maƙwabcinsa na garka zai koma wurin ƴaƴansa a Yamai, yana sayar da garkarsa: rijiyoyi biyu na siminti, injin ban ruwa, mangwaro goma sha ɗaya, da ɗaki biyu a bakin kwari. Miliyan tara yake so, ba ragi, kuma ya yarda ya jira har farkon damina saboda mutuncin Mati. Mati ya ce aikin garka ba ya son ido kamar hanya, ga shi kusa, zai riƙa duba masa. Awa, matar Rabo, ƴar can ce, tun ranar ta fara maganar inda za ta ɗaure awakinta.

Dillalan tasha sun zo sun zagaya motar suna tsaki. Wanda ya fi tayawa ya tsaya a miliyan shida. Rabo ya san su, ya san bakinsu ɗaya. Saratou ce ta kawo maganar gwanjon intanet. Ta ce akwai wani kamfani a Yamai da ke gwanjon motoci da injuna ta salula, merinsu ma ta taɓa sayar da tsohuwar motar shara ta nan. Ana sa hoto da takardu, mutane daga ko'ina su yi ta tayi har kwana bakwai, ba wanda ya san wani, lamba kawai ake gani.

Rabo ya tambaye ta, in aka taya motar da kuɗin banza fa, dole ya bayar?

"Baba, in ka kai rago kasuwa aka taya shi, kuɗin bai yi ma ba, mi kake cewa?"

"Albarka."

"To nan na'urar ce za ta riƙa cewa albarka a madadinka. Tun farko za ka gaya mata kuɗin sallamarka, ta ɓoye. Masu tayi ba su ganin kuɗin. Rubutu ja kawai suke gani, wai ba a kai ba tukuna. Ranar da wani ya kai, rubutun ya koma kore, daga nan ba ka da sauran magana, wanda ya fi tayi shi ad da mota. In lokaci ya cika ba a kai ba, motarka tana nan taka."

Abin ya kwanta wa Rabo. Duk mai sayarwa ai yana da kuɗin sallama a cikinsa, bambancin kawai nan sai ka furta shi tun kafin ka ga fuskar mai saye. Saratou ta ce Jamilu makanike ya ƙiyasta motar tsakanin bakwai da rabi zuwa takwas, don haka a sa bakwai da rabi. In rubutu ya koma kore da wuri, mutane sukan ƙara zafi, don sun san yanzu ciniki na gaske ake yi. Rabo ya ce a sa tara.

"Baba, motar ba ta kai tara ba."

"Garkar tara ce."

"Masu tayi mota za su saya, ba garka ba."

Ya kafe a kan tara, ta bar shi. Ta sa farashin farawa miliyan huɗu, kuɗin sallama tara. Kamfanin ya karɓi jikka arba'in da biyar, wato sefa dubu arba'in da biyar, ladan ɓoyewa, wadda ba ta dawowa ko an sayar ko ba a sayar ba. Ta buɗe shafin da sunanta, ta sa lambar ubanta a matsayin mai mota.

Rana ta uku aka ware don masu son ganin mota da idonsu. Mutum huɗu suka zo. Uku sun leƙa sun tafi. Na huɗun ya zo a kan babur tun daga Tajaye, sunansa Zakariya'u, siriri, bai kai arba'in ba amma furfura ta fara masa. Ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin motar ya fi rabin awa. Ya fito ya ce a tayar, ya saurara, ya tambayi abin da aka taɓa yi wa injin. Rabo ya gaya masa komai, har kukan giyar bai ɓoye ba. Awa ta aiko da fura, suka sha a inuwar motar. Nan Zakariya'u ya ba shi labarinsa. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa Aljeriya aikin gini, ya dawo damina ya yi noma, ya sake komawa. An haifi ƴaƴansa uku ba ya gida. Sau biyu ana kamo shi a zubar a bakin iyaka. Yana son mota ya riƙa ɗaukar albasa daga kwari da wake daga ƙauyuka, ya kwana a ɗakinsa. Da zai tafi ya shafa ƙofar motar ya ce Allah ya sa rabonsa ce. Rabo ya ce amin, kuma har cikinsa ya faɗa.

Tayi ya yi ta hawa. Saratou takan biyo bayan tashi daga buro ta karanta masa. Biyar, biyar da rabi, shida da ɗari takwas. Rana ta biyar da safe mai lamba bakwai ya kai shi miliyan bakwai da jikka ɗari huɗu, sai kowa ya yi shiru. Yini guda ba wanda ya ƙara ko dala.

A yinin nan Alkasum ya zo. Abokin Rabo ne tun suna samari, tare suka koyi tuƙi, shi ya bari da wuri ya zama dillalin motoci a tasha. Ya ji haushi da aka tsallake shi aka kai motar salula, amma ya zo da fara'a. Ya zauna ya tambayi inda aka tsaya, ya kuma tambayi kuɗin sallama. Rabo, da bai gaya wa ko Awa ba, ya gaya masa. Alkasum ya girgiza kai ya ce mutum ɗaya ba ya tsere da kansa. Mai lamba bakwai yana da sauran kuɗi a aljihu, ba zai fito da su ba sai ya ji numfashi a bayansa. Shi zai iya zama numfashin nan. Zai shiga ya riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, kuma tunda ya san inda ramin yake, ba zai taɓa faɗawa ba. Zai tsaya ƙasa da tara, ya bar wancan ya tsallaka da ƙafarsa.

Rabo ya san sunan wannan abu. Ya sha jin malamai suna hana mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye don ya ruɗi wani. Ya faɗa wa Alkasum haka. Alkasum ya ce ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya, kowa da hankalinsa yake tayi, kuma su waɗancan dillalan da suka haɗa baki suka taya shida, wane malami ya hana su? Ya ce masa ya tuna garka, ya tuna idonsa. Daga ƙarshe Rabo ya yarda. Duk mai shiga tayi sai ya ajiye jikka ɗari biyu a hannun kamfani, Alkasum kuwa ya ce ba shi da su a kusa. Rabo ba ya iya ganin rubutun salula sosai, sai ya miƙa masa tasa ya gaya masa lambobin sirri, Alkasum ya tura kuɗin da kansa.

Da yamma Saratou ta shigo da murna, wai sabon mutum ya shigo, lamba goma sha ɗaya, ya ƙara jikka hamsin, mai lamba bakwai kuma ya farka ya mayar masa. Rabo ya ce alhamdu lillahi.

Washegari da safe salularsa ta yi ƙara. Zakariya'u ne. Bayan gaisuwa ya ce shi ne lamba bakwai, ya san bai kamata ya faɗa ba, amma ya ga Rabo dattijo ne. Ya ce abin da ya tara a shekarunsa na waje ya kusa ƙarewa a tayi. Yana da shanun huɗa biyu, yau kasuwa, yana tsaye da su a bakin hanya.

"Baba, ka gaya mani kuɗin sallamarka. In abin da zan iya kaiwa ne, in sai da su. In ya fi ƙarfina, in koma da su gida, ga damina ta matso."

Kalmar tana bakin Rabo. Tara, shi ke nan, mutum ya ja shanunsa ya koma. Amma in ya koma, wa zai rage? Alkasum kaɗai.

"Ɗana, doka ta hana a faɗi," in ji shi. "Amma ba ka yi nisa ba."

Zakariya'u ya yi godiya ya kashe.

Ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma za a rufe. Bayan la'asar Rabo ya zauna a tabarma a ƙofar gida, Saratou a kujera da salula, Awa a bakin zaure tana tsince wake. Alkasum yana tasha da tasa salular. Saura minti ashirin, lamba bakwai ya sa takwas da ɗari uku. Sha ɗaya ya ƙara hamsin. Aka yi shiru. Saura minti tara, lamba bakwai ya yi tsalle ɗaya zuwa takwas da ɗari shida.

Saratou ta ɗago kai. Ta ce wanda ya yi irin wannan tsalle ya zazzage aljihunsa ne, ba shi da saura. Ta ce kamfanin ya yarda mai kaya ya rage kuɗin sallama kafin a rufe, ƙarawa ce ba a yi. In ya yarda yanzu ta mai da shi takwas da ɗari shida, rubutu ya koma kore, ciniki ya faɗa. Jikka ɗari huɗun da suka rage, a sai da awaki, ita ma ta kawo abin da take da shi, Mati ya roƙi mai garka. Awa ta bar tsintar wake ta ce, "Malam, ka karɓa."

Rabo ya ji zuciyarsa ta yarda. Ya fi abin da Jamilu ya ƙiyasta, kuma ga wanda motar za ta je hannunsa. Amma shekara talatin na ciniki sun koya masa kada ya amsa da sauri. Ya ce a dakata kaɗan. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki zai ce ta rage.

"Sha ɗaya ya ƙara hamsin," in ji Saratou.

Rabo ya miƙe har yana tuntuɓe da buta, ya shige zaure ya laluba sunan Alkasum ya kira. Ya ce masa ya tsaya haka nan, ya janye, mai lamba bakwai ɗan ci-rani ne, kuɗinsa sun ƙare. Alkasum ya yi dariya ya ce ba a janye tayi, kuma ya kwantar da hankalinsa, ya san irin waɗannan ƴan ci-rani, kullum akwai wani ƙulli a cikin wando. Yanzu zai ga ya tsallaka.

Lamba bakwai bai sake motsi ba. Ƙarfe biyar ta cika rubutu yana ja.

Saratou ba ta karaya ba. Ta biyo shi zaure tana cewa ba a rasa komai ba, in an rufe ba a kai ba, kamfanin yakan ba mai kaya kwana biyu ya karɓi tayin da ya fi kowane in yana so. Takwas da ɗari shida da hamsin, har ya fi na ɗazu. Dannawa kawai za ta yi. Rabo ya tambaya ko ana iya karɓar na biyun. Ta ce a'a, na sama kaɗai. Ta tsaya tana dubansa.

"Mi ya sa kake son na biyu?"

Ya mayar da salularsa aljihu.

"Baba, wa ka kira yanzu?"

Da ya faɗa mata, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya da wace salula aka tura kuɗin ajiya. Ya nuna aljihunsa. Ta ce da sunanta aka buɗe shafin, sunan da take sa hannu da shi a takardun meri. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta tsaya cin tuwo ba. Awa, da ta ji komai daga bakin ƙofa, ta kwashe wakenta ta shiga ciki.

Kwana huɗu bayan haka saƙo ya zo daga kamfanin. Sun gano kuɗin ajiyar lamba sha ɗaya daga layin mai motar suka fito. Sun riƙe jikka ɗari biyun, sun rufe shafin Saratou wata uku. Alkasum kuwa tun daren Asabar yake ba da labari a tasha, yadda shi kaɗai ya ɗaga motar Rabo da fiye da miliyan, da wancan ɗan ƙauye bai tsorata ba da an gama. Bai ga laifinsa ba, gwaninta yake nunawa.

Rabo ya kira Zakariya'u sau uku ba a ɗauka ba. Ya yi kwana tara yana cewa gobe, sannan ya shiga motar haya zuwa Tajaye. Aka nuna masa hanyar gonar. Ya same shi shi kaɗai yana sassabe, ya tara ƙaya yana ƙonawa, ga garmar shanu jingine a gindin wata ƙirya. Zakariya'u ya gaishe shi da ladabi, ya shimfiɗa masa buhu a inuwa, ya ba shi ruwa a gora. Rabo ya ce ya zo ne ya sallama masa mota a takwas da ɗari shida, ba kamfani, ba kowa.

Zakariya'u ya ce ya gode. Ya ce tun a daren Juma'a ya fara zargi, don sha ɗaya bai taɓa tayi da kansa ba, sai ya bi bayansa da hamsin kamar inuwa. Daga baya wani direban Malbaza ya kawo masa sauran labarin har da suna. Ya ce ya koma wurin wanda ya sayi shanunsa, mutumin ya ce sai ya ƙara jikka ɗari da hamsin, da ya je da kuɗin washegari an riga an loda su zuwa Najeriya. Shanun da ya hora da hannunsa shekara huɗu.

"Na tambaye ka, Baba. Ina riƙe da igiyarsu na tambaye ka."

Rabo ya ce ya yi kuskure. Ya ce to ya kawo takwas. Da ya ji shiru ya ce bakwai da ɗari huɗu, inda ya tsaya kafin a shigo masa.

"Kuɗin suna nan, ban taɓa su ba," in ji Zakariya'u. "Amma duk abin da na sani game da injin motar nan, daga bakinka na ji shi. Yanzu ban san wanne zan ɗauka ba."

Rabo ya so ya rantse cewa duk abin da ya faɗa kan injin gaskiya ne, kuma gaskiyar ce. Ya ga rantsuwar ba ta da inda za ta zauna. Ya miƙe zai tafi, ya nufi wajen da ba hanya. Zakariya'u ya lura, ya ajiye gatarinsa, ya ɗauko babur ya kai shi har bakin kwalta, ya tsaya tare da shi sai da mota ta zo. Suka yi sallama.

Ruwan farko ya sauka bayan sati biyu. Mai garka ya cika alkawarinsa, ya jira har ranar, sannan ya sayar wa wani soja da ya yi ritaya a Illela. Mati ya aiko da labarin ta bakin wani, bai zo da kansa ba.

Motar ta sha damina a waje. Rufin gaban ya fara yoyo, kujera ta yi funfuna. Asirans, wato inshora, ya ƙare, takardar bizit ta duba lafiyar mota ta ƙare, Rabo bai sabunta ba tunda ba hawa ake yi ba. Batir ya mutu a watan Agusta, ya daina tayar da ita da safe. Ƙafafu biyu na baya suka sace, ta karkace gefe ɗaya. Dillalan tasha, da yanzu kowa cikinsu ya san kuɗin sallamarsa da abin da ya faru, sukan gaishe shi su wuce. Ɗaya ya taya huɗu da rabi yana murmushi, Rabo ya ce albarka. Alkasum ya zo sau ɗaya, Awa ta ce masa mai gidan yana barci, alhali yana zaune a tsakar gida yana jin su.

Saratou ba ta yanke zuwa ba, takan kawo maganin suga duk wata, ta gaishe shi ta shige wurin uwarta. Da wata uku suka cika ita ce ta tayar da maganar, a tsaye, ba ta zauna ba. Ta ce an buɗe shafin, in yana so a sake sawa. Sai dai shafin zai nuna cewa karo na biyu ne, kuma an taɓa hukunta mai kayan. Ta ce a sa kuɗin sallama biyar.

Rabo ya ce kada a sa komai.

Ta ce masa wannan ma kuskure ne, ya fi na farko haɗari. In ba kuɗin sallama, ko nawa aka tsaya dole ya bayar, ba albarka, ba kwana biyu na shawara. Ya ce ya ji. Ya ce ɓoye-ɓoye ne ya kai shi inda yake, ba ya son sauran wani abu a ɓoye, a bar mutane su faɗi abin da ta kai a idonsu. Saratou ta ce ɓoye kuɗin sallama ba laifi ba ne, kowa ya san da shi, abin da aka yi a bayansa ne laifi. Ya ce ya sani. Bai canza ba. Ta duba uwarta, Awa ta kau da kai. Ta sa yadda ya ce.

Lokacin girbi ne, kuɗin mutane suna gona. Mutum uku kaɗai suka shiga. Ba wanda ya zo ganin mota. Aka fara a miliyan biyu, rubutu kore tun ranar farko, aka rufe a biyu da ɗari bakwai. Wanda ya ci sunansa Mahfuz, yana da shagon kayan gyaran manyan motoci a Konni. Ya biya a kwana biyu, ba gardama.

Rabo ya ɗauka za a zo da batir da ƙafafu a ja ta. Mahfuz ya zo da ma'aikata huɗu da tulun gas da wata ƙaramar kamiyo. Mutum ne mai fara'a, ya gaida Rabo hannu biyu, ya yi masa bayani ba tare da an tambaye shi ba: sabunta takardu da gyara ta ta hau hanya ya fi abin da za ta kawo, amma injin kaɗai in an buɗe shi zai mayar masa da kuɗinsa, don ya ji an ce mai ita ya riƙe shi da kyau. Ya nemi izini su yi aikin nan ƙofar gida, ja zuwa Konni tsada ne.

Kwana uku suna yi. Ranar farko suka sauke injin da giya. Ta biyu suka yanka bodi. Awa ta ce ya tafi wurin Mati har su gama, ya ƙi. Ya zauna a zaure, baya ga ƙofa, yana jin hucin wuta da faɗuwar ƙarfe. Maƙwabta suka riƙa tsayawa kallo, wasu direbobi suka zo suna cinikin fitila da madubi tun ba a loda ba. A rana ta uku ɗaya daga ma'aikatan ya shigo da sallama ya miƙa masa abin da suka samu a bayan kujera: tsohon carbi, da cokali, da hular sanyi. Ya karɓa ya yi godiya.

Da kuɗin Awa ta sayi injin niƙa, aka kafa shi a rumfa a gefen gida, sauran aka ajiye na magani. Ita ke tayar da shi, ita ke zuba hatsi. Saratou ta nemi canjin wurin aiki aka mai da ita Illela, takan zo ƙarshen wata. Zakariya'u, an ce, ya noma rabin gonarsa da hauya a daminar nan, bayan girbi ya sayi wata ƙaramar mota a Konni, ba ta yi masa daɗi ba, da rani ya sake hawa arewa.

Idon hagu ya ƙarasa kafin azumi. Yanzu in an kira salla Rabo yakan bi bangon gidaje da sanda har masallacin tasha. Sai ya tsallaka kwalta sau ɗaya, kuma a nan yakan tsaya ya jira wani ya kama masa hannu.